Abincin mai jego ya bi yadda ta haihu

Malam Edita, assalamu alaikum.

A gidajen Hausawan Sudan daga Maiwurno zuwa Gadarif da Kasala, da zarar mace ta sauka tukunya ɗaya ake ɗorawa: madida, wato kunun hulba mai kauri, da sukari da man shanu, sai shayi da dabino. Ba mai tambayar yadda ta haihu. Mu masu karɓar haihuwa muna roƙon iyaye mata da surukai su riƙa tambaya.

Wadda ta haihu da kanta ba ta cika zubar da jinin da ya wuce rabin lita ba. Wadda aka yi wa tiyata tana iya rasa kusan lita 1, ga yanka da zai warke. Amma ita aka fi barin ta da yunwa.

Tun a asibiti abin yake farawa, a ce kada ta sa komai a baki sai iska ta fita. Amma ilimin likitanci na yanzu ya bar wannan. In allurar baya aka yi mata kuma ba ta amai, cikin 'yan sa'o'i za ta kurɓi ruwa, sai nasha (kunu mai ruwa-ruwa) ko romo, sannan abinci sosai, sai fa in likita ya hana don wani dalili. Ci da wuri da ɗan tattaki su ke tada hanji.

A gida kuma sai a hana ta ƙwai da kifi da madara, wai suna sa ciwo ruwa. Ƙwayoyin cuta da damshi da hawan sukari ne ke ɓata ɗinki, ba ƙwai ba. Nama da nama yake haɗewa: a kowane cin abinci a sa mata ƙwai 2, ko kifi kamar tafin hannunta, ko ludayin adas ko ful (nau'o'in wake ne). Tun yaƙin 2023 nama ya fi ƙarfin gidaje da yawa, to wake da gyaɗa suna rufa asiri.

Ƙwayar ƙarin jini a sha ta makonni 6 zuwa 12, da ruwan lemun tsami ko gwaiba. Shayi yana hana jiki tsotse ƙarfen da ke cikinta, don haka a raba su da aƙalla sa'a 1. Ita ƙwayar da wasu magungunan kashe zafi suna ɗaure ciki, kuma yunƙuri azaba ne ga mai tiyata da wadda aka yi wa ƙari. Ruwa kusan lita 3 a rana, miyar kuɓewa ko lalo da gwanda suna sassauta shi.

Inda muka fi tsoro shi ne kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta shi, tare da wankan jego mai tsananin zafi, da ciwon zuciyar bayan haihuwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma sau da yawa hawan jini ne ma ya kai mace ga wuƙar likita. Irin wannan kada ta taɓa shi. Haki in ta kwanta, tarin dare ko kumburin ƙafa, asibiti ne a ranar.

Wadda aka yi wa tiyata saboda ciwon sukari na lokacin ciki ya girmar da jariri, a rage mata sukarin madida da dabino, ta koma gwajin sukari tsakanin mako na 6 da na 12.

Wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya,
Gadarif, Sudan