Inna tana jin maganar kowa, ban da ta matata

Assalamu alaikum Hajiya. Ina gaishe ki da aiki, ke da masu taya ki a wannan fili. Ni malamin Hausa ne a wata sakandare a Argungu, kuma abin da nake koya wa 'ya'yan mutane a aji shi ne ya hana ni barci a gidana.

Matata 'yar Zuru ce. Da C'lela ta tashi, harshen Dakarkari, Hausa kuwa a makaranta da kasuwa ta tsince ta. Tana yin ta tiryan-tiryan, sai dai ƙ da ɗ da ɓ ba su zauna a bakinta ba: ɗaki ya koma daki, baƙi su koma baki. Mahaifiyata, wadda muke gida ɗaya da ita, ta dage sam ba ta gane maganarta. Yarinya za ta durƙusa ta ce, "Inna, an yi baki a zaure," sai Inna ta juya wajen ƙanwata: "Mi tac ce? Ni ban jiya ba." Ƙanwata ta maimaita, Inna ta amsa mata ita, matata ta miƙe jiki a sanyaye. Yanzu ta koma aiken yara da saƙo, ga su a tsakar gida ɗaya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, kunnen Inna ba baƙon bambancin baki ba ne. Ita biyat take cewa, da hita, da zamna, da sunka tahi. Rediyon da ba ta rabuwa da shi kuwa biyar yake cewa, da fita, da zauna, da suka tafi, kuma ban taɓa jin ta nemi a fassara mata labaru ba. Tana ciniki da Bafulatana mai nono da Bazabarme da Bayarabiya mai kayan koli, har ta nemi ragi ta samu.

Kuma haka kunne yake aiki, a iya abin da na karanta. Mai sauraro ba ya tsintar sautuka ɗaya bayan ɗaya. Yana haɗa abin da ya ji da kalmomin da ya riga ya sani da zancen da ake ciki, ya cike giɓin da kansa. Wa zai ji "an yi baki a zaure" ya zaci bakin cin tuwo ake nufi? A 1970 wani masani a Amurka, Richard Warren, ya yanke sauti guda daga cikin kalma ya sa tari a gurbinsa, masu sauraro suka ce sun ji kalmar cif, ba abin da ya ɓace. A 2004 kuma wasu masana biyu, Clarke da Garrett, suka nuna cewa mutum kan fara sabawa da lafazin baƙo cikin minti guda na saurare. Minti guda, Hajiya! Inna kuwa tun kafin a haifi ɗanmu na fari take jin muryar nan, ga shi har ya shiga firamare.

To, zuciya ta fi saurin cewa da gangan ne, tun da dama 'yar ƙanenta ta so in aura. Amma abu biyu suka hana ni yanke mata hukunci. A 1992 wani masani, Donald Rubin, ya sa wa ɗalibai a Amurka karatun murya ɗaya, ta 'yar ƙasar, wasu aka nuna musu hoton Baturiya, wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga 'yar Asiya suka ce sun ji baƙon lafazi, kuma da aka gwada su, fahimtarsu ta fi ƙasa. Ke nan wanda ya riga ya sa a ransa ba zai gane ba, yana iya kasa ganewa da gaske, ba ƙarya yake yi ba.

Sai kuma shekaru. Inna ta haura saba'in, kuma jin tsoho daga siraran sautuka yake fara raguwa, irin su s da sh da ts, shi ya sa muryar mata da yara ke fara kuɓuce masa. Ga kunyar surukai: matata ba ta yi mata magana sai kai a sunkuye, murya can ƙasa, mayafi ya rufe rabin fuska. Ido ma yana taya kunne ji ta kallon leɓe. Mai nono ɗaga murya take yi, ido cikin ido, rediyo kuwa a ƙure yake. Na kuma lura in injin markaɗen maƙwabta ya tashi, ko ni sai na maimaita mata magana.

Ga inda nake neman shawararki. Yaya zan kai Inna gwajin ji a Birnin Kebbi ba tare da ta ce na kira ta kurma ba? In na ce wa matata ta ɗago kai ta ɗaga murya, a garinmu fitsara za a kira shi, kuma a kanta abin zai ƙare. Ta taɓa gwada Kabanci, wato Hausar garinmu, ta ce "wagga" da "shina", dangi suka mai da ita abin dariya a gidan suna, tun daga ranar ta ja bakinta. Na yi tunanin hana ƙanwata tafinta, don muddin akwai mai maimaitawa Inna ba za ta taɓa kasa kunne ba, amma ina tsoron su daina magana gaba ɗaya. Matata kuma ta fara zancen in kama mata haya, ni kuwa ni kaɗai ne ɗa namiji. Ta wanne zan fara, kuma wa ya kamata ya yi wa Inna maganar, ni ko kawuna?

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Ɗanki,
Malamin makaranta daga Argungu, Jihar Kebbi