Ba kowane nono ne ke gyara hanji ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ana yawan faɗa a nan Tahoua cewa nono na gyara ciki. Haka ne, amma da sharaɗi: sai ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun isa hanji da ransu.

Bangon hanji siriri ne ƙwarai, layi ɗaya tak na ƙwayoyin halitta manne da juna, kuma jiki na sabunta shi duk kwana 3 zuwa 5. Majina mai yauƙi ce ke lulluɓe da shi. Ƙwayoyin yawur, wato Lactobacillus bulgaricus da Streptococcus thermophilus, da danginsu na kindirmo, sai sun ratsa tsamin tumbi da ruwan matsarmama, inda da yawa ke mutuwa. Waɗanda suka tsira su kan laƙe a majinar, su yi ta tsere da ƙwayoyin zawo kan wuri da abinci, tsamin da suke fitarwa kuma ya takura wa masu cutar. A ɗakin bincike an ga wasu nau'o'in suna ƙara majinar, suna kuma ƙarfafa mannuwar bangon, amma ba duka ke yin haka ba. Sannan baƙi ne, ba ƴan gida ba. In an daina sha, cikin ƴan kwanaki sun fice. Amfanin da ya fi tabbata shi ne narkar da sukarin madara, shi ya sa wanda madara ke kumbura wa ciki yake shan kindirmo lafiya lau.

Wajen haɗi ake yin ɓarna. A dafa madara ta kai digiri 85 zuwa 90, ko ta tafasa, domin ɗanya na iya ɗauke da cutar bakkale da tarin fuka na shanu. A bari ta huce zuwa digiri 42 zuwa 45, a zuba kindirmon jiya mai kyau cokali biyu a kowace lita, a rufe awa 4 zuwa 6, sai a kai sanyi. In an zuba kindirmon jiyan alhali madara na da zafi, an kashe ƙwayoyinsa. Madarar saniyar da ake yi wa allurar antibiyotik takan ƙi kamawa. Ledar yawur da ta wuni a rana, ko a firigon da wuta ta ɗauke wa, tsami take ƙarawa ƙwayoyin na raguwa, alhali ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta nemi aƙalla miliyan 10 masu rai a kowane giram. Ruwan dama fura da ƙanƙarar da ake jefawa, in ba su da tsabta, sun rushe aikin duka.

Furar kanta na taimakawa, in ba a surfe geron ƙal ba. Ƙwayoyin babban hanji na mayar da dusar zuwa abincin da bangon ke ci.

Iyaye mata kuma, don Allah, yaro mai zawo a ba shi ruwan SRO, wato haɗin gishiri da sukari na asibiti, da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa. Jariri ƙasa da wata 6 ba a ba shi kindirmo.

Naku,
Wasu ma'aikatan abinci mai gina jiki, Tahoua