Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da 'yan uwa.

Shugaba ya ɗora mini rubuta rahoton bana kan ayyukanmu na kare itatuwan maganin gargajiya, tunda littafin kuɗi da na zaman taro duk a hannuna suke. An yi tarukan wata-wata, sai dai waɗanda ke zuwa su ne dai waɗanda kuka sani.

Zan fara da abin da ya faranta mana rai, wato hawan dutsen da muka yi ranar 31 ga Agusta, ranar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa maganin gargajiya a Afirka, wadda ake raya ta tun 2003. Mun zaɓi mu bar zaure da kujeru mu bi dattawa zuwa inda itatuwan suke, kuma lokacin ya yi daidai, damina ta zauna, kowane tsiro da ganyensa ana gane shi. Da mu aka tafi da masu magani, da ungozoma, da mafarauta, da wasu makiyaya da suka san dutsen fiye da kowa, ga kuma samari da 'yan mata da a da ba su iya bambanta marke da maɗaci ba.

Ba mu yi nisa ba Baba, ɗaya daga cikin dattawan, ya tsayar da mu a gindin wani maɗaci da ya bushe a tsaye. An zagaye shi da gatari an kwashe ɓawon tas, kamar an tuɓe masa riga. Ya dafa shi ya yi shiru, can ya ce wanda ya yi wannan ɗan kasuwa ne, mai magani ba ya kashe itacen da zai dawo wa baɗi. Daga nan ya kai mu ga wani mai rai ya nuna mana yadda aka koya masa: a sassaƙa siriri a tsaye ta gabas, a sake ta yamma, kada ya wuce faɗin tafin hannu, a bar sauran, a shafe wurin da laka. Wani ɗanmu da ya karanci gandun daji ya ƙara bayani cewa abincin da ganye ke haɗawa ta cikin ɓawo yake gangarawa zuwa saiwa, shi ya sa in an zagaye itace saiwar ke mutuwa da yunwa.

Ɗan namu ne kuma ya ba mu labarin itacen da masana ke kira Prunus africana, mai fitowa a dazuzzukan tsaunukan Kamaru da Kenya da Madagaska. Ana kai ɓawonsa Turai don haɗa maganin kumburin nan da ke tsare wa tsofaffin maza fitsari. An ɗebe shi ba ji ba gani har aka sa shi a jadawali na biyu na yarjejeniyar CITES, mai sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu tsakanin ƙasashe, a 1995, kuma a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da sayensa daga Kamaru. Dokar da aka shimfiɗa wa masu ɗibarsa ita ce a cire kashi biyu cikin huɗu na ɓawon, ɓangarori biyu masu kallon juna ta baya, a bar itacen ya huta shekaru. Ko da Baba ya ji haka sai ya yi murmushi ya ce, ai gabas da yamma ke nan. Wallahi a ranar na ga yaranmu sun fara yi wa dattawan nan wani irin kallo na daban.

Inna kuma ta durƙusa a gaban wata sanya, wadda ake wa laƙabi da uwar magunguna, ta tona gefe ɗaya da 'yar wuƙarta, ta yanko saiwa guda, ta mayar da ƙasa ta danne da dunduniya. Ƙamshin ya cika wurin. Ta ja kunnenmu cewa saiwar nan tana da dafi in an zarce ƙima, kada wanda bai ƙware ba ya ba wani. Sai da muka yi tafiya mai tsawo kafin muka sake ganin wata, alhali ta ce da ƙuruciyarta a bakin hanya ake samunta.

To, yanzu ga inda muka gaza, kuma ina roƙon a karanta kafin a yi ƙorafi.

Lambun renon itatuwa bai tsaya da ƙafarsa ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, wannan magana ta yi mini ciwo. Mun tattara irin maɗaci da rani lokacin da ƙwansonsa ke fashewa. Irin maɗaci ba ya jiran mutum, in ya yi 'yan watanni a ajiye cikin zafi ba ya tsirowa. Muka zauna jiran kuɗin ledar dashe da wayar shinge har irin ya mutu a buhu. Sandunan hano da muka kafa, waɗanda ba su da wuyar kamawa, sun yi toho kyakkyawa, awaki suka shiga suka cinye saboda babu shinge. Sanya kuwa da ma dashenta na da wuya, doguwar saiwa gare ta, da an taɓa ta sai ta yi yaushi. Kuskurenmu ne da muka yi ta a leda, baɗi a gurbinta za mu shuka ta kai tsaye.

Littafin sunayen tsirrai ma bai kammala ba. Dalili na farko, wasu dattawa sun yarda su faɗi suna da inda itace ke fitowa, amma sun riƙe yadda ake haɗi, kuma ni ina ganin haƙƙinsu ne. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014, ta ce ba a ɗaukar ilimin gargajiya na al'umma sai da yardarsu tun farko, kuma a raba amfanin da su. Ba za mu zama masu taka wannan ba don gaggawar buga littafi. Dalili na biyu ya fi nauyi. Ɗaya daga cikin iyayenmu da muka yi zama ɗaya da shi, muka ɗaga na biyu saboda rashin kuɗin mota, Allah ya yi masa rasuwa kafin mu koma. Allah ya jiƙansa da rahama. Shafukan da na ware masa suna nan fari fat.

Duk waɗannan abu guda ya haɗa su, kuɗin wata. Mutane ƙalilan ne ke ɗauke da ƙungiyar nan. Na bi gida-gida, na kira har an daina ɗaga wayata, na ji “sai ƙarshen wata” har na haddace. Wasu sunansu na cikin rajista, a WhatsApp su ne kan gaba wajen turo shawara, amma ba a gan su a dutse ba, ba a gan su ranar ban ruwa ba. Wanda ba shi da hali ya faɗa, babu kunya a ciki, a ba shi aikin hannu a madadin kuɗi. Abin da ke karya gwiwa shi ne mai hali da ya yi shiru.

Kwamiti na neman a yanke shawara uku a babban taro mai zuwa: a sayi wayar shinge kafin a tattara sabon iri, a share layin tare gobara a kewayen hanon da ke gangaren dutse kafin ciyawa ta bushe, sannan a fara zama da dattawan da suka fi tsufa. Mai bashi ya zo da abin da ya samu, mai rasit ya zo da rasit ɗinsa a daidaita littafi a gaban kowa.

Wassalam.
Ma'aji, a madadin kwamiti.