Sanarwa ga masu tsohuwar laptop

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku ɗan tsaya ku karanta.

Tun 14 ga Oktoba 2025 wa'adin Windows 10 ya cika, wato kamfanin Microsoft ya daina ba shi kulawar da ya saba, kuma da yawa cikin laptop ɗinmu na gwanjo ba sa ɗaukar Windows 11. To kar kowa ya ɗaga hankalinsa, akwai Linux Mint, manhajar da ake sakawa a madadin Windows, kyauta ne ko sisi ba a biya, babu zancen kirak ko neman lasisi. Na saka wa ƙanwata a tata mai RAM 4GB wadda da sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo tana nan tana juyi, yanzu wallahi da ita take taifin ɗin project ɗinta, don yana zuwa da LibreOffice mai buɗe fayil ɗin Word da Excel, ga Firefox na shiga intanet.

Masu CorelDraw ku dakata tukuna, ba ya hawa kan Linux Mint kai tsaye.

Ranar Asabar bayan la'asar ina shago a Jekadafari, cikin garin Gombe. Ku zo da filash mai 8GB, za ku iya gwada Linux Mint daga filash ɗin ba tare da an goge muku komai ba. Caja kuma kar a manta ta a gida.