Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Iyaye da Malamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu maza da mata, malamanmu, da sauran 'yan uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekarar karatu lafiya. Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin kawo muku bayanin yadda muka yi da amanar da kuka damƙa mana.

A taron farkon shekara magana ɗaya muka tsayar. Mun gaji da yaron da zai rera "biyu sau biyu huɗu" da murya mai daɗi, amma in ka zuba masa tsakuwa huɗu ka ce ya raba wa mutum biyu, sai ya tsaya yana kallon bakin malam. Muna son wanda zai yi tambaya, ya taɓa abu da hannunsa, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Duk abin da muka yi bana daga nan ya taso.

Da malamai muka fara, a hutun zango na farko. An ba su labarin Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara a unguwar talakawa ta San Lorenzo a birnin Rum a 1907, ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yaro, ta ce malami ya rage surutu ya yawaita lura. Wasu malamanmu suka ce ai wannan sai makarantun kuɗi. Muka tuna musu cewa 'ya'yan ma'aikata marasa hali ta fara da su. Yanzu in kun leƙa aji ɗaya da aji biyu za ku tarar da murafen kwalba, ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, kara da yumɓu, da su ake lissafi, kuma ko sisi ba a kashe ba.

Mun kuma amince a riƙa yi wa ƙananan azuzuwa bayani da Hausa, Turanci ya zama darasi mai zaman kansa. Masu tsoron kada Turancin yara ya lalace, mun kawo musu gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba. A nan Kano ma, makarantar da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 da Hausa take koyarwa, har da sana'o'in hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bana shi ne ziyarar da 'yan aji huɗu suka kai marinar Ƙofar Mata. Mun roƙi malamarsu kada ta yi musu bayanin komai kafin a je. Yaran suka zagaye ramin, wasu sun toshe hanci saboda warin baba. Wani dattijon marini ya tsoma farin ƙyalle, ya ɗan juya shi, ya ɗago. Sai ga shi kore-kore. Ya baza shi a iska, a kan idonsu ya rikiɗe ya koma shuɗi. Wata yarinya da malamarta ta ce ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta matso ta ce, "Baba, ai ba ka ƙara masa komai ba, wa ya sauya shi?" Dattijon ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ke me kika gani?" Wani ya ce rana ce. Ita ta ce a gwada a inuwa. Aka sake tsoma wani ƙyallen aka kai shi inuwa, ya yi shuɗi kamar na farko. Da kansu suka gano iska ce ke aikin. Bayan an dawo makaranta ne malama ta faɗa musu cewa iskar da muke shaƙa ita ce ke haɗuwa da babar ta fito da launin, da dalilin da ya sa marina ke zuba toka a rami su bar shi ya yi kwanaki yana ruɓa. Na tabbata da a allo aka rubuta musu wannan, da kafin Juma'a sun manta.

Sauran ayyukan a taƙaice: an shuka wake a gwangwanin madara, wani a ɗaki mai duhu wani a bakin taga, yara suna auna tsayinsa da tsinken tsintsiya, duk Alhamis kakanni mata suna zuwa yin tatsuniya, a tsaya a tsakiya a ce wa yara su ƙarasa wa Gizo labarinsa, kuma a Ranar Yara, 27 ga Mayu, su suka tsara taronsu da kansu.

Dole in taɓo ƙorafin da ya fi yawa. Iyaye da dama sun ce yara sun fara yawan "don me" a gida, suna jin tsoron kada ya zama fitsara. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kwamiti bai raina ta ba. Amma a ganina kunya daban, tsoro daban. Yarinyar marina sai da ta durƙusa ta gaida dattijon kafin ta yi tambayarta. Hausawa ne suka ce matambayi ba ya ɓata, kuma ɗalibi a zauren malam yana tambaya cikin ladabi tun kaka da kakanni. Abin da muke koya musu ke nan: a yi sallama, a jira babba ya gama, sannan a tambaya.

Inda muka gaza ba za mu ɓoye ba. Mun yi alkawarin ajiye bulala, amma an samu malamin da ya koma mata a zango na uku, har wani yaro ya yi kwanaki yana ƙin zuwa makaranta. An zauna da malamin, ya ba iyayen haƙuri. Cunkoso yana cikin abin da ya jawo hakan, domin malami ɗaya ba zai iya lura da kowane yaro a ajin da ake zama har bakin ƙofa ba. Akwatin littattafan da kuka tara ma gara ta ci kusan rabinsa da damina, saboda mun bar shi a ƙasa. Laifin kwamiti ne. Kuɗin wata-wata kuwa bai shigo yadda aka yi alkawari ba, ma'aji zai karanta muku lissafin dalla-dalla.

Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu, muna son a raba aji ɗaya gida biyu, a sayi kabad na ƙarfe, a kai 'yan aji biyar Gidan Makama. Muna kuma roƙon iyaye masu sana'a, maƙera, masaƙa, teloli da masu gyaran waya, kowa ya ba mu safiya ɗaya a zango. Mai niyya ya rubuta sunansa a wurin ma'aji kafin a tashi taro.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya