Zuwa ga ɗana da ya kira mu masu rakiyar gawa

Ɗana,

Salama a gare ka cikin sunan Yesu. Na so in kira ka da sabon laƙabinka, to amma a fostar da ke manne a PZ, nan Zariya, an rubuta Manzo, a ta Kwangila kuma an rubuta Annabi, ni kuwa ba na son in yi kuskure a gaban jama'a da tsufana. Bari in tsaya a kan wanda na saba da shi tun daren da na yanke maka cibiya.

Jikata ce ta karanta mini abin da ka rubuta a Facebook ranar Litinin, da sunana a sama ɓaro-ɓaro. Ka ce: "Mama, shekara talatin kina cikin shugabannin Zumuntar Mata. Faɗa wa duniya, mutum nawa addu'arku ta tayar? In da wuta a cikinta, me ya sa kullum aikinku raka mutane asibitin Shika, daga Shika sai makabarta? Ku masu addu'a ne ko masu rakiyar gawa?" Ka ƙara da cewa waƙoƙinmu sun tsufa, matasa sun gudu, ba ma kwanan addu'a. Sannan ka rufe da cewa cikin ƙauna kake tambaya. Na gode da ƙaunar. Gidana yana nan inda ka san shi a Wusasa, taku kaɗan daga gidan da aka haife ka, amma ƙaunar sai da ta zaga ta intanet kafin ta iso.

Maganar waƙa ba ta da tsawo. Tulun da muke bugawa ya girme ka, kuma ranar aurenka ban ji ka ce a ajiye shi ba. Matasa sun ragu, gaskiya ne. Wasu karatu ya ɗauke su, wasu neman abinci, wasu sun bi inda lasifika ta fi ƙara. Kwanan addu'a kuwa muna yi, ɗana. A kan tabarma muke yinsa, a gefen gadon mara lafiya, shi ya sa ba ka taɓa ganin hotonsa ba.

Abin da ya hana ni barci shi ne "masu rakiyar gawa". Na juya kalmar dare biyu, daga baya na ga ashe ba ƙarya ka yi ba. Muna rakiya. Bari in ba ka labarin ɗaya daga cikin waɗanda muka raka.

Wata gwauruwa ce a Tudun Wada, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Da aka sallamo ta daga asibiti babu mai jinya sai jikanya 'yar shekara goma sha biyu. Muka raba kanmu biyu-biyu. Ni da na yi aikin jinya har na yi ritaya, na koya wa sauran yadda ake juya ta duk bayan awa biyu, dare da rana, don kada kwanciya ta ci mata baya ta zama gyambo. Kunu da ƙaramin cokali, a tayar da kanta, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, in ba haka ba ya bi ta maƙogwaro ya sauka a huhu. Zannuwan da ta ɓata mu muke wankewa da asuba kafin maƙwabta su tashi, saboda mace ce mai kunya. Addu'armu a wannan ɗaki gajera ce, wani lokaci ba ta wuce "Ya Uba, ga baiwarka" ba. Abin mamaki, matar da ba ta iya cewa "ruwa", in muka ɗauko waƙar da ta sani tun tana yarinya sai ka ji kalmomin suna fitowa daga karkataccen bakin nan, baiti bayan baiti, hawaye na bin kunnenta. Masu shanyewar jiki da yawa haka suke, na sha gani a wurin aiki, amma ban taɓa sabawa da shi ba.

Wata biyar muka yi. Ba ta tashi ba. Sa sifili a lissafinka. Da muka zo yi mata wanka na ƙarshe, ko ƙurji babu a bayanta.

Ka san abin da ya kwantar da ita? Hawan jini gare ta, shekaru tana shan maganinta lafiya lau. Aka kai ta wani wurin addu'a, aka ce mata shan ƙwaya rashin bangaskiya ne. Ta zube maganin a gaban bagade, aka miƙa mata makirufo ta ba da shaida, aka ɗauki bidiyo, jama'a na tafi. Bayan mako uku ta faɗi a bakin murhu. Ban ce a wurinka ba ne. Lokacin ba ka ma kama hayar shagon da kake taron addu'a ba. Abin da na sani, a cikin wata biyar ɗin nan ko mutum ɗaya daga masu tafin bai leƙo ba. Ina jin har yau tana cikin jerin waɗanda suka warkar.

Ka nemi adadi. Ba ni da shi. Akwai waɗanda muka raka Shika suka dawo da ƙafarsu, wasu suna zaune a layin gaba ranar Lahadi, ɗaya ma likitoci sun riga sun ce a kira 'yan'uwa. Amma ban san yadda ake raba lafiyar mutum gida biyu a ce wannan na allura ne, wancan na addu'a ba. In kai ka iya, ka koya mini.

Kuma ina mamakin a ce ɗan Wusasa ne ke ganin asibiti kishiyar addu'a. Dokta Walter Miller, wanda kakanninmu ke kira Likita Mila, da ya zauna a birnin Zariya a 1905, likita ne. Da mishan ta dawo Wusasa a 1929, majami'ar St. Bartholomew ta ginin ƙasa da asibiti da makaranta duk a unguwa ɗaya suka tashi, asibitin kuma sunan Luka aka sa masa, wanda Bulus ya kira ƙaunataccen likita. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, wanda kakarka ta koyi karatu da shi, hannun likitan nan na ciki dumu-dumu. Ka tambayi tsofaffi labarin ƙauyen Gimi, inda Isawa, mabiya Annabi Isa da suka karɓi bishara, suka taru suka bar komai saboda bangaskiya, ciwon barci ya shiga ya yi musu ɓarna har garin ya watse. Kai ne za ka tsaya a kan kaburburansu ka ce addu'arsu ba ta da wuta? Bulus da kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas. Da a yau ne, ina tsammanin shi ma da ya ga sunansa a Facebook.

Game da mahaifiyarka, aminiyata, ba zan ce komai ba. Abin da aka faɗa mini a bakin gado ba na kasuwa ba ne. Ka san wadda ta rufe mata ido. Kuɗin da ka turo sun iso a kan lokaci, an kuma kashe su inda ya kamata.

Ruwa ba ya tsami banza. Jikata ta nuna mini cewa taronka na kwana uku ranar Juma'a zai fara, tambayarka kuma ta fito ranar Litinin. Wataƙila dacewa ce kawai. In kujeru ne ba su cika ba, da ka aiko an faɗa mini, da na roƙi mata su zo su taya ka, da tulunsu.

Amma kada dattawanmu su karanta wannan su yi murmushi, don ba da kai kaɗai nake ba. Wasiƙar Yakubu ta ce mara lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. To, muna kira. Sukan zo da babbar riga, su tsaya daga bakin ƙofa, minti biyar an ce amin, sun kama hanya, fo ɗin da ke ƙarƙashin gado kuwa ko kallonsa ba sa yi. Mun sami kuɗin tayil, mun sami na sabon janareta, amma asusun marasa lafiya har yau daga ɗan abin da mata ke ƙullewa a bakin zane yake fitowa. Sau nawa na tashi a taron ikkilisiya a kan wannan, a ce "Mama, za a duba"? Mu matan ma ba mu fita ba. "Mu sa 'yar'uwarmu a addu'a" ya zama hanyar da gulma ke shiga majami'a da Littafi a hammata. Na san wadda ta daina zuwa sujada gaba ɗaya saboda an ambaci ciwonta daga kan bagade ba da izininta ba. Ni kaina na taɓa ce wa uwar da ta rasa ɗa ta daina kuka, nufin Allah ne. Shekara ashirin ke nan, har yanzu in na gan ta a kasuwar Sabon Gari sai na ji kunya. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki ne suka ɓata. Da a kan waɗannan ka tsare ni, da na sunkuyar da kai.

Yanzu ga tawa tambayar, ita ma cikin ƙauna. Akwai wani dattijo a bayan layinku, wata na huɗu ke nan yana kwance. Mutum ne mai jiki, mu kuwa ƙarfinmu ya ƙare, ɗaga shi sai mun taru mu uku. Ban da haka yana jin nauyin a ce mata ne ke yi masa wanka. Duk ranar da muka zo sai ya juya fuska bango. Mun nemi namiji a ikkilisiya har mun gaji. Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu muke zuwa, ka ga bai ci karo da taronka ba. Za ka zo? In ka ɗora masa hannu ya miƙe, ni zan fara rangaɗa guɗa, in kuma rubuta a Facebook da hannun jikata cewa na yi kuskure. In bai miƙe ba, ruwan zafi na kan wuta. Ka zo da tawul da sabulu, wayar kuma ka bar ta a mota.

Mamarka,
daga Wusasa, Zariya