Wanda Ya Yi Tambaya a kan Wuta Bai Bar Littafi Ba

Malam Edita,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato gardamar da ta kunno kai tsakanin Kiristocinmu na Hausa game da wutar Jahannama, da wanda zai tsira daga gare ta, da kuma abin da ake nufi idan aka ce Littafi Mai Tsarki ne mai raba gardama. Na san yawancin masu karanta ka Musulmi ne, kuma wani zai ce me ya fito da zancen cikin majami'a bainar jama'a. Dalilina shi ne a nan Damagaram da wuya ka sami Kirista Bahaushe wanda ba shi da kaka ko kawu ko gwaggo a maƙabartar Musulmi, saboda haka duk abin da aka faɗa a kan mumbari game da makomar matattu, a kan dangi ɗaya yake sauka.

Ni dattijo ne a ikilisiyarmu, malamin makaranta da ya yi ritaya. Mahaifina ya karɓi bishara yana saurayi ta hannun ƴan mishan na SIM, waɗanda suka fara aikinsu na ƙasar Nijar a wannan gari a 1924, amma mahaifiyarsa, wadda ta goye ni ta kuma yaye ni, ta rasu da tasbaharta a hannu. Watannin baya wani saurayi tela, wanda bai fi shekara uku da shigowa cikinmu ba, ya yi rashin mahaifiyarsa. Mun je mun yi zaman makoki tare da danginsa, sun karɓe mu da mutunci. Lahadin da ta biyo bayan sadakar bakwai, wani baƙon mai wa'azi ya yi kusan awa guda yana siffanta wuta, ya rufe da cewa duk wanda ya mutu a wajen ikilisiya yana cikinta a wannan sa'a. Da aka tashi sujada yaron ya same ni a gindin darbejiya, ya durƙusa ya ce, "Baba, ke nan Innata tana can yanzu?" Daga baya ya kai tambayarsa zauren matasa na WhatsApp, ya ƙara da cewa ya ji akwai Kiristocin da suke koyar da cewa azabar tana da ƙarshe. Amsar da ya samu ita ce wanda ya yi shakkar wuta ya yi shakkar Littafi, wani ma ya ce masa ya koma inda ya fito. Mako shida ba mu sa shi a ido ba.

Wannan zargi ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ba gaskiya ba ne, kuma tarihin ikilisiya da nassin kansa sun ƙaryata shi. Kalmar Jahannama da muke faɗa, mu da Musulmi baki ɗaya, ta zo mana ta Larabci, amma tushenta sunan wani kwari ne a kudancin tsohon birnin Urushalima, Kwarin Hinnom, inda sarakunan Yahuza irin su Ahaz da Manassa suka ƙona ƴaƴansu hadaya ga gunki, har annabi Irmiya ya ce za a sauya masa suna a kira shi Kwarin Kisa. A Sabon Alkawari na Helenanci kalmar ta zama Gehenna, ta fito sau 12, kuma 11 daga ciki daga bakin Yesu Almasihu ne da kansa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa zancen hukunci ba ƙirƙirar masu wa'azi masu zafin kai ba ne. Sai dai akwai wasu kalmomin dabam. Akwai Sheol na Ibrananci, mazaunin matattu, inda Yakubu uban Yusufu ya ce shi ma zai gangara yana makokin ɗansa (Farawa 37:35), akwai kuma Hades, wanda Ru'ya ta Yohanna 20:14 ta ce shi kansa za a jefa shi cikin tafkin wuta. Mai wa'azin da ya tattara waɗannan duka ya zuba a ƙwarya ɗaya ya kira su wuta, ya kai Yakubu inda Littafi bai kai shi ba. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, amma har yau da yawanmu muna jin kalmomi irin su lahira da kabari da gidan wuta da kunnen da muka taso da shi, ba tare da mun tsaya mun tambayi abin da ke ƙarƙashinsu ba.

Koyarwar da akasarin ikilisiyoyi suka riƙe tsawon zamanai ita ce azaba mara matuƙa, kuma wanda ya fi kowa kafa mata hujja ɗan nahiyarmu ne, Agustin bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a yau, a Aljeriya maƙwabciyarmu, wanda ya rasu a 430. A kashi na 21 na littafinsa Birnin Allah ya tsaya a kan Matiyu 25:46, inda aka ce waɗansu za su tafi madawwamin hukunci, masu adalci kuwa rai madawwami. Hujjarsa ita ce kalma ɗaya ce ta siffanta biyun a cikin jimla ɗaya, don haka wanda ya gajarta hukuncin ya gajarta ran ma. Hujja ce mai ƙarfi, kuma Ru'ya ta Yohanna 14:11 da 20:10 suna ƙara mata nauyi. Abin da matasanmu ba su sani ba shi ne Agustin ɗin nan ya shaida cewa a zamaninsa akwai Kiristoci masu yawa da ba su yarda da shi ba, ya kira su masu taushin zuciya, ya ce kuskure suke yi, amma ya yarda cewa ba da nufin yin tsayayya da Nassi suke yi ba. Idan mutumin da ya gina wannan koyarwa ya iya yin wannan adalci ga abokan gardamarsa, ban ga abin da zai hana yaro ɗan shekara ashirin da salula a hannu ya yi shi ba.

Masu ɗaya ra'ayin suna cewa ƙarshen mugaye hallaka ce, wato bayan shari'a da hukunci gwargwadon laifi, za su shuɗe ƙurmus, domin rashin mutuwa kyauta ce ga waɗanda ke cikin Almasihu kaɗai. Su ma da aya suke magana. Suna kawo Matiyu 10:28, inda Yesu ya ce a ji tsoron wanda yake da ikon hallaka rai da jiki duka a Gehenna, da Romawa 6:23, cewa hakkin zunubi mutuwa ne, da Yohanna 3:16 da kowane yaron makarantar Lahadi ya haddace, wadda ta sa hallaka a gefe ɗaya, rai madawwami a ɗaya gefen. Suna kuma tuna mana cewa zancen tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba a kashewa a Markus 9:48 an ɗauko shi ne daga ayar ƙarshe ta littafin Ishaya, 66:24, kuma abin da ake kallo a can gawawwaki ne. A kan hujjar Agustin kuwa suna cewa hukuncin madawwami ne a sakamakonsa, kamar yadda Ibraniyawa 9:12 ta kira fansar da aka yi sau ɗaya tak madawwamiya. John Stott na Ingila, wanda ya jagoranci rubuta Alkawarin Lozan na 1974, takardar da ta tsaya kai da fata a kan ikon Littafi Mai Tsarki, ya bayyana a 1988 cewa ya karkata ga wannan fahimta, ko da yake bai kafe a kanta ba, ya roƙi a tattauna ta a kan tushen Nassi. A shekarar 2000 haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu bishara ta Birtaniya ta fitar da rahoto ta amince cewa ra'ayi ne na wasu tsiraru masu muhimmanci a cikinta. Wa zai iya kallon irin waɗannan mutane ya ce ba su gaskata da Littafi ba?

Akwai kuma masu cewa a ƙarshe kowa da kowa zai tsira, ra'ayin da ake dangantawa da Orijen na Iskandariya, wanda aka la'anta a ƙarni na shida zamanin sarki Jastiniyan. Wannan ban karɓe shi ba, kuma ina tare da Byang Kato, Bajaben Kwoi da ya taɓa zama babban sakataren ikilisiyar ECWA a Najeriya, wanda ya yi gargaɗi mai tsanani a kansa a littafin da ya fitar a 1975, shekarar da ya rasu a teku a Kenya. Idan kowa zai shiga ko ta yaya, gargaɗin Yesu sau 11 ɗin nan ya zama barazanar banza, ni kuwa ban san shi da maganar banza ba. Tsakanin sauran ra'ayoyi biyun ina nan kan abin da aka koya mini, domin na kasa samun hanyar kewaye Matiyu 25:46, amma na daina ɗaukar wanda ya fahimce ta dabam a matsayin maƙiyin Littafi.

Sai dai tambayar telan nan ta wuce batun tsawon azaba. Tambayarsa a kan mutum guda ce mai suna, wadda ta shayar da shi. Na gaskata abin da Yohanna 14:6 da Ayyukan Manzanni 4:12 suka faɗa, cewa babu ceto ta wurin wani sai Almasihu, kuma ba zan ɓoye wannan don in faranta wa maƙwabtana rai ba, kamar yadda su ma ba sa ɓoye mini nasu. Amma waɗannan ayoyi sun gaya mana wanda yake ceto, ba su danƙa mana rajistar sunayen waɗanda aka ceta ba. A Luka 13:23 wani ya tambayi Yesu ko kaɗan ne za su tsira, bai ba shi adadi ba, ya ce masa ya yi fama ya shiga ta ƙunƙuntar ƙofa. Ɓarawon da aka gicciye tare da shi, duk wanda ya hango shi daga nesa ranar nan zai rantse ɗan wuta ne, alhali an riga an yi masa alkawarin Firdausi. Manzo Bulus ya ce a Romawa 2:16 akwai ranar da Allah zai shari'anta asiran mutane, asiri kuwa ba abin da baƙon mai wa'azi yake gani daga kan mumbari ba ne. Ikilisiyar Katolika ta tafi nesa fiye da mu a babban taronta na Batikan, inda a 1964 ta ambaci Musulmi a cikin shirin ceto na Allah. Ikilisiyoyinmu na bishara ba su bi ta har can ba, ni ma haka, amma na lura cewa duk da ɗimbin waliyyan da ta ambata da suna, ba ta taɓa ayyana wani ɗan Adam da suna ta ce yana wuta ba. Malaman Musulunci ma, da suka tattauna makomar ahlul fatara, waɗanda saƙon manzo bai riske su ba, sun nuna cewa tambayar tana da nauyi a wurin duk mai tsoron Allah.

Akwai abin da ba zan iya mantawa ba duk lokacin da na ji mutum yana rabon wuta da sauƙin baki. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a garin nan, waɗanda suka zo da fetur sun riga sun yanke a zukatansu cewa mu ƴan wuta ne, shi ya sa hannunsu bai yi rawa ba. Wanda ya buɗe zaurensa ya shigar da iyalina ya tsaya a bakin ƙofa, wani tsoho ne Musulmi mai sayar da goro, ya kuwa rasu shekaru kaɗan bayan haka. Bangaskiyata ba ta koyar da cewa alheri yana sayen aljanna ba, don haka ba zan ce wannan aiki ya cece shi ba. Amma harshena ba zai iya furta cewa yana wuta ba, domin ba a nuna mini ba, kuma na ga da idona inda irin wannan tabbaci yake kai mutane.

Saboda haka ina kira ga fastocinmu da masu koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki, daga Damagaram har Maraɗi da Yamai, su riƙa koya wa ɗalibai wannan gardama yadda take, da ayoyin kowane ɓangare a buɗe a gabansu, sa'an nan su faɗi matsayin ikilisiyarsu da dalilinsa. Matasanmu suna jin waɗannan ra'ayoyi ta intanet ko mun so ko mun ƙi, kuma idan suka gano cewa akwai ayoyin da muka ɓoye musu, abin da za su fara shakka shi ne gaskiyarmu. Mutanen Biriya an yabe su ne a Ayyukan Manzanni 17:11 saboda suna binciken Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Wanda ya hana a bincika maganarsa da Littafi, ikon kansa yake karewa ya laƙaba masa sunan ikon Littafi. Ina kuma roƙon masu wa'azi su san wanda ke zaune a gabansu kafin su buɗe baki, musamman a makon da aka yi rashi.

Makon jiya na je shagon telan a Zongo, na tarar da shi a kan keke yana ɗinkin wata riga. Na nemi gafararsa a madadin dattawa, domin muna zaune aka yi wa'azin nan ba wanda ya ce uffan. Na ce masa, "Ɗana, ba zan ce maka Innarka tana aljanna ba, ba kuwa zan ce tana wuta ba, tana hannun wanda Ibrahim ya kira Mai Shari'ar dukan duniya, ya kuma tabbata zai yi daidai." Na gaya masa cewa ni ma a wannan hannu na bar kakata shekara arba'in da suka wuce. Ya daɗe bai ce komai ba, sa'an nan ya tambaye ni inda maganar Ibrahim ɗin take, na ce Farawa 18:25, ya rubuta da allin tela a jikin teburinsa. Ya ce zai zo nazarin Littafi na ranar Laraba idan za a bar shi ya yi tambaya, na kuwa riga na yi magana da fasto, mun shirya za mu fara da Matiyu 25 mu haɗa da Ishaya 66.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani dattijon ikilisiya,
Unguwar Sabon Gari, Damagaram.